Injin Fetur, na Gas ko na Sola: Abin da Manomin Rani Zai Auna Kafin Ya Saya

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma manoman rani na bakin kogin Galma da fadamun Igabi da Ikara a Jihar Kaduna suna cikin waɗanda suka fi ji a jikinsu, domin tumatir da albasa ba sa jiran farashi ya sauko kafin su nemi ruwa.

Injin ban-ruwa na fetur ya fi sauƙin saye, ana ɗaure shi a bayan babur, kuma kayan gyaransa ba sa wuya a kasuwar Panteka da ke Kaduna, sai dai kullum yana cin aljihu. Wasu sukan sauya masa kafireta ya koma shan gas ɗin girki, abin da ke rage hayaƙi da kashe kuɗi, muddin wurin cika tukunya bai yi nisa da gona ba.

Famfon sola, a ganina, shi ne mafi alheri ga ƙasa da manomi, amma fa ba kowa zai iya ba. Kuɗinsa ya ninka na injin fetur, kuma a dunƙule ake biya, daidai lokacin da ake neman kuɗin iri da taki. Idan babu batir, ba ya jan ruwa da asuba ko bayan faɗuwar rana, sannan ƙurar hunturu takan lulluɓe fanel ɗin da ke karɓar hasken rana har ruwan da ke fita daga tiyo ya koma siriri, sai an bi shi da tsumma kowace safiya. Akwai kuma ɓarayi, ga shi wanda ke noma gonar haya ba zai so ya kafa ƙarfe a filin da za a iya karɓewa baɗi ba.

Saboda haka, kafin a biya, a auna zurfin rijiya da faɗin gona, a sa mai sayarwa ya gwada famfon a kan rijiyar da rana tsaka, a kuma karɓi garanti a rubuce tare da sanin wanda zai gyara. Masu ƙananan gonaki da ke maƙwabtaka gara su haɗa kuɗi su sayi famfon sola ɗaya mai fanel mai naɗewa, su tsara kwanakin ban-ruwa, domin ƙungiya mai rajista ta fi mutum ɗaya samun kunne a Bankin Manoma, wanda hedkwatarsa ke nan Kaduna.