Garejin da ya gano min ta inda warin dizal ke shigowa cikin mota

Sati biyu cur na yi ina shaƙar warin dizal a cikin motata tun ranar da na karɓo ta daga sabis. An juye baƙin mai, an canja filtar mai da ta iska da ta AC, mota na tafiya lafiya lau, ba wata wuta da ta kama a dashbod, amma da zarar na tsaya a danja sai warin ya cika ciki har yara suka fara kukan ciwon kai. Na koma gun waɗanda suka yi sabis ɗin suka ce ai ɗan mai ne ya zube wajen canja filta, zai bushe. To na san dizal ba irin fetur ba ne, ba ya tashi da wuri, shi ya sa na yi haƙuri, sai dai warin nan maimakon ya ragu kullum ƙaruwa yake, kuma da safe sai na yi ta murza ki kafin ta tashi.

Shi ne na kai ta wani gareji da injin dizal kaɗai suke yi, su nake son in yi magana a kai.

Abin da ya fara burge ni, ogan bai buɗe bonet ba sai da ya yi min tambaya. Ya ce "Malam, in ka danna maɓallin nan mai juya iskar ciki, warin na raguwa?" Na ce sosai ma. Ya ce to daga waje yake shigowa, don fankar tana zuƙo iska ne ta ƙasan gilashin gaba wajen waifa, dab da injin, duk abin da ya tashi daga bonet nan yake bi. Sai ya sake tambaya, warin ɗanyen mai ne ko na hayaƙi? Ya ce in na hayaƙi ne to magana ta koma kan salansa ko washar jan ƙarfe da ke ƙasan nozul, wato abin da ke fesa mai cikin injin, in ta saki za ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya taru a gindin nozul ɗin kana jin fis fis, kuma wannan ba a zama da shi ko kwana ɗaya saboda gubar hayaƙin.

Nawa ɗanye ne. Ya sa aka wanke kan filtar dizal ɗin da tiyoyin da feshin wanke birki, aka busar da iskar kwamfuresa, sannan ya barbaɗa farar hoda a wajen, ya tada injin ya tsaya da tocila a hannu bai ce komai ba. Ba a yi minti 10 ba sai ga wani siririn layi ya jiƙe a cikin hodar yana gangarowa daga bakin murfin filtar. Da ya kwance sai ya ɗora min robar zoben da ke toshe bakin murfin a tafin hannu, gefe ɗaya ya daɗe ya tsage, murfin ne ya cije ta lokacin ɗauri. Ya ce ta nan mai ke tsiyaya in injin na aiki, in an kashe kuma ta nan iska ke shiga layin, shi ne dalilin wahalar tashi da safe. Wallahi sai na ji wani nauyi ya sauka min.

Bai tsaya nan ba, ya sa aka cire faifan robar da ke ƙasan injin, ashe man ya kwanta a ciki ya haɗu da ƙura ya zama kamar taɓo, shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Filtar AC ɗin ma ta sha wari ga murfinta ba a rufe daidai ba, aka canja. Ya duba bel ko mai ya taɓa shi, ya duba ƙaramin skurun zubar da ruwa na ƙasan filta, ya latsa tiyoyin da ke mayar da mai daga nozul ya ce ɗaya ta fara tauri amma ba ta yoyo tukuna, bai matsa min sai na canja ba. Ina tsaye yaronsa ya kai hannu kusa da bututun ƙarfe injin na kunne, ya daka masa tsawa, ya ce ƙarfin man da ke ciki yana haura bar 1,600 a ma'aunin matsi, in akwai ɗan huji zai iya fasa fata ya shige nama.

Inda suka gaza gaskiya shi ne lokaci, na yi wajen awa 3 kafin a taɓa motar duk da na kira tun ana gobe zan je, kuma ba wajen zaman kirki. Saboda haka taurari 4 cikin 5 na ba su.

Warin bai ɗauke nan take ba, ya ɗau kwana 4 kamar yadda ogan ya faɗa min. Ya ce in riƙa shimfiɗa kwali a ƙasan injin da daddare tunda ya bar faifan a cire na sati ɗaya, yau kwana 6 kwalin a bushe yake, jibi zan koma a mayar da faifan a canja tiyon nan gaba ɗaya.