Wajen gashin da munka kai ƙanena bayan aikin wuya, ga abin da na gani

Jama'a da dama sun tambaye ni ina munka kai ƙanena gashi bayan anka sallamo shi daga asibiti, to bari in rubuta sau guda kowa shi gani. Yaron kabu-kabu shikai, mota ta buge shi hanyar Bodinga, ya tashi da ƙahwa nai hwa, wuya kawai ka mishi ciwo, har Inna na cewa a kira mai ɗori. Allah ya sa ba mu kira ba. Da anka yi hoton CT asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo sai ga karaya ga ƙashi na biyu na wuya wanda likitoci ka ce ma C2, shina da wani ɗan tsini kamar haƙori da ƙashin farko ke juyawa kai nai, shi ne ya karye daga gindi ya goce, kuma laka na nan bayan shi kaɗan. Sunka yi aiki ta ƙeya, sunka haɗe na ɗaya da na biyu da sukurori da ƙarhe.

Wajen gashin ƙarami ne, nan wajen Mabera, ɗaki biyu da benci. Abin da ya hwara burge ni ranar farko, mai gashin ya ƙi taɓa yaron sam sai da munka koma gida munka ɗauko takardar likitan da ya yi aikin da hotuna, ni har raina ya ɓaci don rana ta take ga kuɗin Keke, amma daga baya na gane gaskiya tai. Ya zaunar da mu ya ce Malam zan gaya muku tun yanzu, kusan rabin waiwayen da mutum ke yi tsakanin ƙasusuwan nan biyu shike, tunda an haɗe su wannan rabin ya tahi, duk wanda ya ce zai murɗa wuyan ya maido shi to ku gudu. Ƙanena ya yi shiru, wallahi har gida bai yi magana ba, ni ko na hwi son haka da a yi muna daɗin baki.

Gashin kanshi ba wani inji ba ne mai yawa. Tahiya a hankali, ɗaga kafaɗu, sai bayan likita ya ba da izinin cire kwalar da ke riƙe mishi wuya sannan sunka hwara sa shi dafa tahin hannu ga goshi shina turawa ba tare da kai ya motsa ba, don naman wuya ya mutu da zama cikin kwala. Kwalar nan kuwa ta ba mu wahala, watan Afrilu ne, zafin Sakkwato ya wuce 40, zuhwa ta tara mishi ƙuraje ƙarƙashin haɓa, su sunka koya muna a kwantar da shi wani ya riƙe kai a buɗe gaba a goge a bushe a canza soso. Sun kuma koya mishi sallamar salla da juya kafaɗu gaba ɗaya maimakon kai kaɗai, ranar da ya yi ta daidai Inna sai da ta yi hawaye. Taba ma sun tsaya mishi kai da fata ya bari, don tana hana ƙashi haɗewa.

Inda ban ji daɗi ba, lokaci. A ce ka zo ƙarfe tara sai sha ɗaya ana kiranka, in an ɗauke wuta ba janareta, mai kwala ga wuya shina zaune cikin wannan zahi, na yi musu magana sau biyu ba abin da ya canza. Kuɗin ma duk zuwa sai ka biya, ga mai ƙaramin ƙarhi da nauyi. Mace mai gashi kuma sai wasu ranaku take zuwa, masu kawo mata su tambaya kahin su taso.

Wata takwas ke nan, shina tahiya ko'ina, ƙeya tai na ɗan yin tsami da sanyin asuba, mashin dai mun saida don bai iya waiwaya da sauri ga titi, yanzu shago shike zama wajen kawunmu.