Wasiƙa daga Hambug: wahalar neman bolum guda ɗaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da yaran shago. Yaya kasuwa?

Ka tambaye ni ko kayan gyara sun fi sauƙin samu a nan Jamus. Bari in ba ka labarin bolum guda ɗaya da ya cinye mini wata guda.

Na sayi wata tsohuwar amfilifaya 'yar Japan, ƙirar shekarun 1970, a kasuwar gwanjon da ke ci ranar Asabar. Sautinta garau, amma da ka murɗa bolum sai ta hau ƙarar-ƙarar, sifikar hagu kuma ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Da ƙyar na samo shagon gyara. Mai shagon ya ce sai na biya kuɗin dubawa kafin ya kwance ko noti ɗaya, kuɗin kuwa ya kusa abin da na sayi na'urar, sannan in dawo bayan mako uku. Sai na tuna ka a Sabon Gari, mai kaya na zaune a benci yana shan shayi ka gama masa aiki. Na rungumo abata na dawo gida.

Na fara da feshin da ake wanke cikin bolum da shi. Akwai wani da ake kira Tuner 600, mai kyau ne, yana bushewa ba ya barin maiƙo. Ƙarar ta lafa na kwana biyu ta dawo. Da na sa mitar gwaji na gane layin kabon ɗin cikin bolum ne ya cinye a ɓangaren hagu, sai dai canji.

A nan “Poti” suke ce wa bolum. Shagunan da za ka shiga da mataccen a hannu ka ce a ba ka irinsa sun yi ƙaranci ƙwarai, yawanci ta intanet ake oda daga kamfanoni irin su Reichelt, kwana biyu ko uku ɗan aike ya kawo maka har ƙofa. Sai dai kwamfuta ba ta san “irin wannan” ba. Dole ka faɗa mata komai: lambar awonsa 100k ce ko 50k, mai hawa biyu ne da ƙafa shida, uku na dama uku na hagu, kaurin sandar milimita 6 ne, mai haƙora ce ko mai shafaffen gefe, da tsawonta. Ka kuskure ɗaya, murfin ba zai zauna ba.

Harafi ne ya kayar da ni. Mun saba A shi ne na sauti, wanda ke hawa sannu a hankali daidai da yadda kunne ke ji, B kuma mai hawa bai ɗaya. Ashe wasu kamfanonin Turai sun juya abin, A ɗinsu shi ne B ɗinmu. Na dasa na farko da na yi oda, mai harafin A, ina ɗan taɓa shi sauti ya cika ɗaki, sauran zagayen kuma kusan babu bambanci. Yanzu ba na duba harafi, kalmar “log”, wato mai hawa sannu a hankali, nake nema a bayanin kayan. Ka kula da wannan in an kawo maka na'urar Turai.

Daga baya na sayi na kamfanin Alps, samfurin RK27, mai shuɗin akwati. Yaya, a nan kam sun fi mu. Ka san masu arahar da muke samu, in ka rage murya can ƙasa sai sifika ɗaya ta riga ɗaya mutuwa. Wannan tare suke tashi, tare suke sauka, kuma murɗa shi da nauyi mai daɗi a hannu. Yana da tsada, kuma ya fi na asali girma, sai da na ja masa wayoyi daga bod, wato allon da ake dasa kayan a kai.

Saura matsala ɗaya. Na asalin ƙafa takwas gare shi, domin kowane hawa yana da ƙarin ƙafa a gefe da ke zuwa maɓallin da ke ƙara bes idan murya tana ƙasa. Na bincika har na gaji ban samu mai wannan ƙafa da zai shiga ba. Na je har Repair Café, wani zama da 'yan sa-kai ke yi suna taya mutane gyara kyauta, wanda aka fara a Amsterdam a 2009. Wani dattijo ya juya bolum ɗin a tafin hannunsa ya ce sai dai a ciro daga matacciyar na'ura. Matattun kuwa a nan wurin tara shara na hukuma ake kai su, ba a barin kowa ya tona. Don haka maɓallin nan yana nan ba ya aiki, kuma abin yana damuna duk daren da na kunna ta a hankali saboda maƙwabta.

Don Allah ka sa yaro ya duba tulin da ke ƙarƙashin teburinka: 100k, ƙafa takwas, sanda mai haƙora. Zan turo hotonsa ta WhatsApp da ma'auni a gefe. Mai zuwa gida bayan Sallah zai kawo maka Alps guda biyar, ka ba shi bolum ɗin nawa. Feshin ne ba zai zo ba, ba a yarda a hau jirgi da shi.

A gaishe da Inna.