GARGAƊI ga masu tankin ruwan gishiri: ku kiyayi mai tallan mandarin "da aka koya wa cin felet"

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai kiwon kifin ado na ruwan gishiri a nan Ingila ko wanda yake shirin farawa ya daure ya karanta wannan, akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na masu tanki yana tallan kifin mandarin wai duk an horar da su suna cin felet (wato busasshen abincin kifi mai ƙananan ƙwayoyi) da daskararren abinci, ni dai ya riga ya cuce ni, kuma da na fara magana sai ga wasu mutum biyu da irin labarina sak. Ba zan kama suna ba don canza suna da lamba yake yi, amma hanyar tasa ɗaya ce.

Ga wanda bai san kifin ba, mandarin ɗan ƙaramin kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, shuɗi da kore da ruwan lemo kamar an zauna an yi masa zane, sunansa na kimiyya Synchiropus splendidus, asalinsa yammacin tekun Fasifik ne, daga tsibiran Ryukyu na Japan har Ostireliya, kuma yawancin na kasuwa daga Filifins da Indonesiya ake kamo su. Matsalarsa ɗaya ce, abinci. A teku wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira kofifod yake tsinta a jikin duwatsu, ɗaya bayan ɗaya tun safe har dare kamar kaza tana kiwo, ba ya cin da yawa lokaci guda kuma ba ya iya wawaso da sauran kifi. Shi yasa duk wanda ya ji an ce ga mandarin mai cin felet sai jikinsa ya ɗau rawa, to nan ne mutumin nan ya kafa tarkonsa.

Ni a guruf na ga hotunan, na yi masa magana ya ce mu koma WhatsApp, ya turo min bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi, ga felet a zube a ƙasan tanki ga kifi yana ta kai baki. Ya ce haifaffen gida ne ba kamun teku ba, har yana kiran sunan kamfanin Biota wai daga can asalinsu. Biota kam gaskiya ne suna haifar da mandarin a Palau, kamfanin ORA ma na Florida sun fito da nasu kasuwa a 2010, kuma irin waɗannan su ne suka fi saurin karɓar abincin gwangwani don a kai suka taso. Amma kiran sunan kamfani a baki ai ba shaida ba ne, na ce ya nuna min rasit na inda ya samo ya ce abokinsa ne ya shigo da su, na bar maganar. Fam 55 ya ce, ya fi kuɗin na kamun teku amma bai kai na haifaffen gida ba, farashin da zai sa ka ji kamar ka yi tsintuwa. Ya ce in biya ta PayPal ta ɓangaren 'yan uwa da abokai wai don kada a cire masa caji, wannan ɓangaren kuwa babu wata kariya ga mai saye, in kuɗi ya tafi ya tafi. Na nemi in je gidansa in gani ya ce matarsa ba ta da lafiya, a wajen ajiye motoci muka haɗu ya miƙo min leda.

Sai daga baya da na maimaita bidiyon nan ina tsayar da shi na gane abin da ya faru. Wallahi ko felet ɗaya kifin bai haɗiye ba, gefensu yake kai baki yana tsintar kofifod ɗinsa, adadin felet da aka fara da shi da shi aka ƙare. Mandarin dama kai baki ne aikinsa, ko ka zuba tsakuwa ka ɗauka a waya zai yi kama da yana ci.

Sati biyu na farko ban ga komai ba don tankina yana da ɗan kofifod a duwatsu, da ya cinye su sai ciki ya fara lotsawa, ga wani layi da ya fito a gefen jikinsa daga kai zuwa jela, wanda alama ce ta rama. Na yi masa magana, abin mamaki bai gudu ba, ya amsa da fara'a ya ce ai canjin wuri ne, yana da wani gari na musamman da shi yake horar da su, fam 20, da kwalbar kofifod masu rai fam 15. Na sake biya don 'yata ta shaƙu da kifin kullum in ta dawo makaranta shi take fara nema. Garin nan da na shinshina felet ne kawai aka daka, ya ɓata min ruwa. Kwalbar kuwa na haska ta da tocila a cikin duhu, in akwai kofifod masu rai za ka ga fararen ɗigo-ɗigo suna zabura a jikin kwalba, ni koren ruwa na gani da ɗan datti a ƙasa. Da na tura masa hoto sai ya ce laifin ruwana ne, alhali ma'aunin gishirin ruwana na kan 1.025 yadda ake so, zafi digiri 25, sauran kifi lafiya lau. Washegari ya toshe ni. A sati na bakwai kifin ya mutu, na tsince shi bayan dutse ya zama fata da ƙashi, kuma wannan ya fi kuɗin yi min ciwo, dabba ce Allah ya ɗora min amanarta ta mutu da yunwa ina kallo.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya zaunar da ni daga baya ya nuna min yadda yake yi da nasa. Babu wani gari. Yakan ware kifin a ɗan akwati cikin tanki, ya ƙyanƙyashe ƙwan atimiya, wasu 'yan ƙananan halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande, ya ba shi jariran suna motsi tun suna da maiƙonsu, in ya saba da zuwa wurin sai ya riƙa cuɗa su da daskararren maisis (wani ƙaramin jatan lande) da aka yanka ƙanana ko ƙwan kifi, ya kashe famfo ya ɗiga abincin da bututu a wuri ɗaya kullum, sau da yawa a rana, yana rage mai rai a hankali. In ya mayar da shi babban tanki sai ya kwantar da 'yar kwalba mai ƙaramin baki a kan yashi ya riƙa sa abincin ciki don manyan kifi ba sa iya shiga. Ya ce wani sati uku ya karɓa, wani watanni, wani kuma har abada ba zai karɓa ba, kuma wanda ya karɓa ma yana iya daina ci in an canza masa gida. Don haka ko mai cin felet na gaske ne sai tankinka ya tsufa, aƙalla wata shida, da duwatsu masu yawa, in da hali da ƙaramin tanki na gefe inda kofifod irin su Tisbe za su yi ta hayayyafa, kuma kada a haɗa shi da kifin da shi ma su yake farauta. Ni duk wannan mutumin bai tambaye ni ko ɗaya ba, mai sayarwa na kirki kuwa tambayar farko da zai yi maka ke nan, tankinka wata nawa.

In za ku saya ku je da ƙafarku, a zuba abincin a gabanku ku ga ya haɗiye bai tofar ba, sau biyu sau uku, ku duba ciki a cike yake ko a lotse. Sannan ku tambayi lasisi, a Ingila tun dokar 2018 duk mai sana'ar sayar da dabbobin gida har da kifi sai da lasisin kansul, wato ƙaramar hukuma, na kai ƙorafi can da hotunan hirarmu da rasit ɗin PayPal, sauran biyun ma sun ce za su kai nasu.

Wanda kuma ya riga ya saya a hannunsa kifin na nan da rai, dan Allah yau ɗin nan ya haska gilashin tankinsa da daddare ya ga ko akwai sauran kofifod, in babu ya sayo masu rai a shago mai lasisi ya fara ƙyanƙyasar atimiya, in cikin ya riga ya lotsa ya nemi mai tsohon tanki ya ba shi riƙo kafin ya kai inda nawa ya kai.