Ɗaukar kuratan 'yan sanda: ina mata suke maƙalewa?

Shafin intanet da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda take buɗewa lokacin ɗaukar kurata ya yi kyau ta fuska ɗaya: kyauta ne. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗin fom, ɗan damfara ne. Za ki shigar da lambar NIN, imel da lambar waya, ki ɗora sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama bai fi biyu ba. Shekaru 18 zuwa 25 ake so.

Cikewa ba ta da wahala. A wajen tantancewa a hedikwatar jiha ake zubar da mata. Ma'aunin tsawo mita 1.64 ne ga mace, 1.67 ga namiji. Santimita uku kacal aka rage mata, alhali bambancin tsawon mace da namiji ya fi haka nesa ba kusa ba. Ana cire takalmi, a jingina da sandar awo, yarinya mai takardu masu kyau ta koma gida saboda tsawonta ya gaza da faɗin ɗan yatsa guda. Wannan sharaɗi ya kamata a sake duba shi. Mai juna biyu ma ba a ɗaukarta.

Sai matsalar suna. A NIN "Hauwa'u Musa", a WAEC "Hauwa Musa Ibrahim", ko ranar haihuwa ta saɓa. Masu shagon intanet da suke cike wa mutane fom su suka fi jawo wannan, don sauri suke yi, wani ma lambar wayarsa yake sakawa, sai saƙon gayyata ya tafi wurinsa. A gyara takardu tun kafin a buɗe shafin, a kuma tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, domin gurbi bisa ƙananan hukumomi 774 ake raba shi. Wannan rabo shi ne yake ba ƙananan ƙabilu dama, amma wadda aka haifa a Kano iyayenta 'yan wata jiha ne, sai ta koma can.

An samu ci gaba ta wasu fuskoki. A 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince mata su sa ɗan kwali a ƙarƙashin hula, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa a Arewa. A 2024 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ƙa'idar korar 'yar sanda marar aure idan ta samu ciki. Wadda ta tsallake awo sai ta shirya jarrabawar kwamfuta da gwajin lafiya, kafin a tura ta kwalejin horo irin ta Kaduna.