Garejin Baba mai gyaran ƙafar Fijo, da abin da ya gano a 504 ɗina

Wata biyu kenan da na karɓo motata daga wajen dattijon nan mai gyaran ƙafa, da gangan na ƙi cewa komai sai da na taka ta sosai, don ance ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To yanzu na je Zariya na dawo ya fi sau biyar, na je Kano sau ɗaya da iyali da kaya cike da but, ina ganin zan iya magana.

Motar Peugeot 504 ce salun, haɗin Kaduna, ta marigayi mahaifinmu ce, irin waɗanda kamfanin haɗa Fijo na PAN suka riƙa haɗawa a Kakuri tun daga 1975. Ni a gidanmu babu mai kiranta mota ma, Hajiya Babba ake ce mata. Abin da ya faru shi ne da daminar nan ina dawowa da daddare ruwa ya rufe wani rami, ban gan shi ba sam, tayar gaba ta dama ta faɗa ciki da wata irin ƙara da sai da na ji ta a haƙorana. Taya ba ta fashe ba, na yi hamdala na wuce gida. Washegari ne na ga sitiyari ya karkace ko da mota na tafiya miƙe, tana ja dama kamar akuyar da ta hango dusa, kuma in na karya sitiyari har ƙarshe zan shiga gida sai inji ƙurrr ƙurrr, taya na gogar bodi. In an cika mota muka hau bam, wato tudun nan na rage gudu a titi, ma haka.

Garejin farko da na kai ta ba zan faɗi sunansa ba. Ko leƙa ƙarƙashi ba a yi da kyau ba, aka danna bonet sau biyu akace shoka ce, na sayi shoka, guda ɗaya ma wai ta dama kawai. Ƙara na nan. Na koma sai akace ai tayoyina ne suka yi girma, saboda 195/70 R14 nake sawa alhali asalin na salun ɗin 175 R14 ne. Nace to Oga shekara biyu ina kan tayoyin nan ba su taɓa goga ba, kuma ta hagu har yanzu ba ta goga, ko ita ta dama ce ta ƙara ƙiba da daddare? Ban gama rufe baki ba na ga wani yaro ya ɗauko guduma zai buɗa cikin madigadi don taya ta samu wuri, wallahi sai da ya sauke mata biyu kafin in riƙe hannunsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wani tsohon direban tasha ne, cikin waɗanda suka ci zamanin Fijo wagon a hanyar Kaduna zuwa Kano, yace in kai wa Baba. Wurin ba shi da allo ba shi da komai, rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya da wani ɗan fili da aka yi wa siminti, sai gawarwakin 404 da 504 da 505 a jere kamar maƙabarta. Da na fara zuba masa bayani sai ya ɗaga min hannu yace, ɗana bari motar ta faɗa da bakinta. Ya karɓi makulli muka zaga unguwa, ya saki sitiyari ya ga inda take ja, ya karya hagu ya karya dama, sannan ya dawo ya ajiye ta a kan simintin nan, ashe don wannan aka yi shi, yace ba a auna mota a kan ƙasa mai tudu da kwari.

Abin da ya yi daga nan shi ya sa nake wannan rubutun. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya miƙar da tayoyi, ya zura yatsunsa tsakanin bayan taya da bakin madigadi, ta hagu yatsa huɗu suka shiga, ta dama biyu da ƙyar. Yace in saka nawa hannun in ji, na saka. Sai ya sa yaronsa ya riƙe tef daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu ya ba da santimita 274 wanda shi ne daidai na salun, dama kuwa 272. Yace ka gani, tayarka ba girma ta yi ba, baya ta koma, ramin ya tura ta. Ya goga alli a gefen tayar ya sa aka karya sitiyari aka ɗan tura motar, allin ya fito raɗau a bayan madigadi ta ciki, nesa da inda yaron can ya yi ta dukan baiwar Allah.

Sai a lokacin aka sa jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, yace nan bol joyin da boris ake ji, lafiyarsu lau. Ya kama ta gefe da gefe, nan kam akwai ɗan wasa, tayarod ne, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Ya kira ni yace Malam durƙuso, kar ka ji tsoron ƙasa, ya haska min tocila a kan ƙarfen da ke riƙe lowa am, wato hannun ƙasa na ƙafar mota, ta gaba. Ni da ido na ba zan ce ya lanƙwashe ba, amma ya nuna min wani wuri kamar faɗin babban yatsa inda tsohuwar tsatsa da laka suka ɓare ƙarfe ya fito fes, yace ƙarfe in ya tanƙwaru nan yake zubar da rigarsa. Ya sa taya liba ya ɗan taɓa bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarfen, robar ta buɗe baki, ta yage gida biyu. Da aka kwance ƙarfen aka jera shi da na hagu a ƙasa ko makaho ya shafa zai gane.

Tsorona duk a kan shasi yake, don in ita ce ta motsa to magana ta koma wajen masu jan bodi. Ya auna ta kusurwa zuwa kusurwa ta ƙasa, sau biyu, yace shasinka na nan yadda Bature ya zana ta. Yana ta mita wai motar da aka fitar a Faransa tun 1968, ƙafar gabanta shoka ce a cikin sifirin da hannaye biyu a ƙasa, babu kwamfuta babu komai, amma yaran yanzu sun kasa karanta ta.

Na tambaye shi ko za a gasa ƙarfen da wuta a miƙe shi tunda na san ana yi, kuma aljihu ya riga ya ji jiki. Yace shi dai ba a garejinsa ba, ƙarfen ƙafa in ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, ranar da zai karye ba zai yi sallama ba, kuma iyalinka kake ɗauka. Shi da kansa ya shiga kasuwar Panteka ya zaɓo ƙarfen na cire mai kyau, ya ƙi guda biyu kafin ya yarda da na uku. Ya canja tayarod, bushin kuwa ya sa sababbi hagu da dama, sifirin ma da ya auna tsayin mota daga ƙasa ya ga na dama ya ɗan kwanta sai yace a canja duka biyun, ba a yi wa mota takalmi ƙafa ɗaya. Wani abu da ban taɓa gani ba, bai ɗaure notocin bushin tamau ba sai da aka sauke motar ta zauna da nauyinta, yace in ka ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna, wata shida ta yage. Shokar da na saya kuwa ya tambaye ni ina tsohuwar, nace can suka riƙe, sai kawai ya yi murmushi bai ce komai ba.

Amma fa kar a ce na yi ta zuba yabo, wurin yana da nasa. Aikin da yace kwana biyu sai da ya ci biyar. Baba ba ya ɗaga waya, in ka kira sau goma yaro ne zai ɗauka yace Oga na ƙarƙashin mota. Babu rasit, a bayan kwalin filogi aka rubuta min lissafi. Wurin zama benci ɗaya ne kuma rana na cin rabinsa, yaran kuma suka bar min tambarin baƙin mai a kujerar direba wanda har yanzu bai gama fita ba. Ba shi da injin alaimen na saita tayoyi, da igiya yake daidaitawa yadda za ka iya tuƙawa, sannan ya tura ka wajen masu inji, wato wani kuɗin daban. In motarka ta zamani ce mai lantarki ma kar ka wahalar da kanka, a gabana ya mayar da wani mai jif yace ba layinsa ba ne. Kuɗin hannunsa dai bai kai abin da na zubar a garejin farko ba, kuma bai ƙara ko sisi a kan kayan da ya sayo ba, don na bi na tambaya.

Tayoyina 195 ɗin nan suna nan ban canja ba, babu gogar komai, sitiyari ya dawo tsakiya, yatsa huɗu hagu yatsa huɗu dama, ni da kaina nake zura hannu duk safiya kamar wani sabon almajirinsa. Shi dai yace in sun cinye in koma 175, wai sitiyarin zai fi laushi tunda ba fawa gare shi ba. Akwai wata 'yar ƙara da na fara ji ta baya in na hau bam, na gaya masa yace in kawo ta bayan sallah, kuma in zo da haƙurina.