Tattakin bakin ruwa a Daberam: tsohon masunci ne ya fitar da kuɗina

A zauren WhatsApp na malaman makarantarmu na ga tallar, cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya sa kowa a Daura yana yawo da leɓe a fashe. Wasu samari ne suka shirya abin da suka kira tattakin bakin ruwa. Za su ɗauke ka a mota daga cikin gari, su kai ka dam ɗin Daberam da ke tsakanin Daura da Dutsi, a zagaya da kai a ƙafa ka kalli tsuntsaye, a ba ka karin kumallo, a dawo da kai kafin azahar. Naira dubu takwas kowane mutum. Da na faɗa wa uwargida sai ta ce, yanzu kuɗi zan biya in kalli balbela, ga su nan suna bin shanu a bayan gidanmu kyauta? Ban tanka ba. Na biya na mutum biyu, ni da babban ɗana mai shekara 13.

Tun daga hoton tallar na fara shakka. Garken kwasakwasa ne a kan wani ruwa shimfiɗeɗe, ga giginyu a bayansa. Ni kuwa a Gashuwa na yi hidimar ƙasa, na san irin wannan wuri sai can fadamun Haɗeja da Nguru. Can ne tafkin Nguru da mashigar Marma suke, waɗanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, wuri na farko da ya samu wannan matsayi a Nijeriya, kafin Dagona da Baturiya su biyo baya a 2008. Dagona ɗin ma har Yarima Filip na Ingila ya taka a 1989 don kallon tsuntsayenta. Wancan ruwa ambaliyar kogi ce ke malala cikin fili duk shekara, ko da yake madatsun Tiga da Challawa sun rage masa ƙarfi, kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa da yawa. Daberam kuwa dam ne da hannun mutum ya tare. Ba abin kunya ba ne a nuna shi yadda yake. Da na tambayi shugaban samarin a mota, sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, hoton jan hankali ne kawai." Wannan shi ne laifinsu na farko a wajena, kuma har yanzu ban ga amfaninsa ba.

Na biyu shi ne lokaci. An ce a hallara da an idar da sallar asuba. Mun hallara, muka zauna cikin sanyi muna jiran mutum biyu da ba su taso ba sai bakwai da rabi. Duk wanda ya san tsuntsun ruwa ya san da sanyin safiya yake kiwo, in rana ta ɗaga sai ya ja can tsakiya ya lafe. Ba mu sauka bakin ruwa ba sai bayan ƙarfe takwas.

Kada wanda zai je ya ɗauka akwai wata shararriyar hanya da alluna da bencina. Babu. Turbar masunta ce da ta shanu masu zuwa shan ruwa, tana ratsa gefen lambunan albasa da tumatir, ta bi ƙarƙashin gawo da bagaruwa, wani wurin yashi, wani wurin taɓo. Babu makewayi, babu rumfa. Ni wannan bai dame ni ba, amma akwai mata uku cikinmu, ya kamata a ce an gaya musu tun a gida. Ƙarangiya kuma ta yi mana maraba sosai. Wanda ya zo da silifa da doguwar shadda ya sha tsinta, ni da na sa takalmi sau-ciki da safa mai kauri na tsira da sauƙi.

A bakin ruwan muka tarar da wani dattijo zaune kan kwale-kwalensa yana ɗinkin koma. Shi ne ɗan rakiyar da suka ɗauko. Muka gaisa, ya dube mu, ya dubi rana, ya ce, "Malam, kun makara. Kirinjijiya ba ta jiran mai shan shayi." Daga nan ya yi abin da ya ceci tafiyar. Ya ce masu son ɗaukar hoto su tsaya nan tare da samarin, wanda kuma zai iya kame bakinsa na awa ɗaya ya biyo shi. Cikin mutum goma sha ɗaya, mu huɗu muka bi shi.

Baba bai bi da mu ta gaɓar ruwa kai tsaye ba. Ya zagaya da mu ta bayan wani lambu don rana ta koma bayanmu, yana tafe yana ɗaga hannu in ya ji ɗayanmu ya taka kara. Can ya tsaya cak, ya nuna wani tsuntsu baƙi da fari mai dogayen ƙafafu a kan tudun yashi. Zakaran ƙeƙuwa. Ya raɗa wa ɗana cewa wannan shi ne mai gadin bakin ruwa, in ya gan ku ya kwarma ihu, duk abin da ke wurin tashi zai yi. Sai da muka yi kwana mai nisa don mu kauce masa. Ni da nake koyar da yara kimiyya shekara da shekaru, ban taɓa tunanin cewa kafin ka ga agwagwa sai ka fara ɓuya wa wani tsuntsu dabam ba.

Da muka leƙa ta bayan ciyawa, sai ga su. Kirinjijiya ce jingim a wani lungu da bado ya rufe, fuskokinsu farare kamar an shafa musu alli, suna wannan fito nasu mai gaɓa uku. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi. Ga wani ja-ja mai farin wuya yana tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma, yatsunsa dogaye har sun fi ƙarfin jikinsa. Baba ya ce namijin ne ke kwanci, shi ke renon 'ya'ya, in ya ji tsoro ya kwashe su a ƙarƙashin fikafikansa ya gudu, ƙafafunsu na reto. Ɗana ya waiwayo ya dube ni, don ya san a littafi na taɓa gaya masa haka. Baba bai taɓa buɗe littafin ba.

A bakin taɓo akwai wasu ƙanana masu ruwan ƙasa suna ta caccakar laka. Share-fage ne. Nan na ɗan ari bakin Baba na ci masa albasa, na gaya wa yaron cewa waɗannan a arewacin Turai da Saberiya suke yin ƙwai, su ƙetare hamadar Sahara su zo mana cin rani. Baba ya gyaɗa kai ya ce shi dai abin da ya sani, bayan kaka suke sauka, kuma kafin shamuwa ta iso da labarin damina sun yi gaba. Yaron ya tambaye shi ko za mu ga gauraka. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Jikana, gauraka yanzu sai a gidan masu kuɗi." Gaskiya ya faɗa. Kamu don kiwon gida da bushewar fadamu sun kusa ƙarar da ita a dajin Nijeriya.

Abin da ya fi burge yaron ba tsuntsu ba ne. A inda ruwa ya janye laka ta tsattsage, Baba ya tsuguna ya nuna wani ɗan rami kamar an soka yatsa. Ya ce gaiwa ce a ciki. Tana nutsewa cikin laka in ruwa ya fara ja, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, tana shaƙar iska ta wannan ƙofa har ruwa ya dawo. Ɗaya daga cikinmu ya ce a haƙo ta mu gani. Baba ya ce in ba miya za a yi da ita ba, a bar baiwar Allah ta yi barcinta. A hanyar dawowa guza ya faɗa ruwa a gabanmu, tsawonsa ya kai na yaro, muka watse kowa ya kama gabansa, Baba na ta dariya.

Da muka koma wajen sauran, na tarar da abin da ya ɓata mini rai fiye da makarar. An bar mutane sun naɗe wando sun shiga ruwa har gwiwa suna ɗaukar hoto. Ruwan da ke kwance irin wannan, mai ciyawa da katantanwa, shi ne gidan tsargiya. Ƙwayar cutar daga jikin katantanwar take fitowa ta huda fata, ba sai ka sha ruwan ba, bayan wani lokaci mutum ya ga jini a fitsarinsa. Masunci dole ce ta sa shi shiga. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kawo su yawon buɗe ido kuwa, ya kamata ya ja musu kunne tun kafin su sauka daga mota.

Sauran kayan aikin ma sai a hankali. Madubin hangen nesa ɗaya suka zo da shi, wanda ba laifi yana nuna abu tar, amma mutum goma sha ɗaya ake so su yi karɓa-karɓa da shi, kuma masu hoto ne suka riƙe. Manhajar gane tsuntsaye da ke wayar shugaban ta ƙi buɗewa saboda babu sabis. Ƙosai da kokon karin kumallo sun huce tun a hanya, ko da yake yunwa ta sa ba mu bar komai ba. Ledojin ruwan da aka sha, Baba na gani yana bi yana tsincewa yana zubawa cikin kwale-kwalensa, ya ce shanu na haɗiye su.

Na ja shugaban gefe na tambaye shi nawa suke ba dattijon nan. Ya ce, "Muna sallamarsa, Yallaɓai." Amsar ba ta gamsar da ni ba, don haka kafin mu shiga mota na damƙa wa Baba abin da ya sawwaƙa.

Ba zan ce kada a bi samarin nan ba. Motarsu lafiyayya ce, direban ba ya gudu, suna da ladabi, kuma su ne suka fara tunanin cewa mutumin Daura zai biya kuɗi ya je ya kalli abin da ke bayan garinsa. In sun cire hoton aro, suka tashi a kan lokaci ko da mutum biyu ne a motar, suka rage yawan mutane zuwa biyar ko shida, suka hana shiga ruwa, dubu takwas ba ta yi yawa ba. Yadda abin yake yanzu, awa ɗayan da muka yi a bayan Baba ita ce kaɗai na saya. Wanda zai je ya tafi tsakanin Disamba da Fabrairu, ya sa kaya masu duhu, ya riƙe gorar ruwansa da hula.

Ni dai mun yi magana da Baba, zan koma da babur ranar wata Asabar kafin zafi ya shigo, in yi asuba a ƙauyen. Yaron ya riga ya iya fiton kirinjijiya, tun ranar yake yin sa a tsakar gida, har uwarsa ta ce in mun tashi komawa in bar shi can wajen 'yan'uwansa.